Shafi 780 da tarar miliyan 100: mudu ɗaya aka auna wa McLaren da Renault?

Sani Makanike:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ba maganar tseren Lahadi na zo da ita ba, tsohuwar magana ce ta dawo mini sabuwa. Sati biyu ke nan wani yaro da ya shekara shida a garejina ya tashi ya koma wani gareji, ko sallama babu. Tafiyar ba ta dame ni ba, yaro dama mai tafiya ne. Abin da ya ƙona mini rai, ya tafi da littafina. Wanda ya taɓa zama garejina ya san littafin nan mai baƙin bango, zanen wayoyin wuta na motoci iri-iri, da lambobin masu kawo mini aiki. Na kai maganar gaban manyan sana'a, suka ce yaro ya maido littafi, magana ta ƙare. Ya maido, bayan an ɗauke kowane shafi a waya. Shi kuwa maigidan da ya karɓe shi, ko kallon banza ba a yi masa ba.

Daren nan barci ya ƙi, sai 2007 ta faɗo mini. A gasar tseren motoci ta Formula 1, an kama ƙungiyar McLaren da takardun sirrin Ferrari, aka ci ta tarar dala miliyan 100, aka share mata makin shekara gaba ɗaya. Wata uku bayan nan aka kama Renault da zanen McLaren, majalisa ɗaya, doka ɗaya, aka ce ta yi laifi amma ta tafi gida. To ku masana Formula 1, ku gaya mini, wannan shari'a ce ko son kai?

Alhaji Mamman:
Wa alaikumus salam. Sani, Allah ya huci zuciyarka. Amma dala miliyan 100 ai sefa miliyan 500 ke nan, akwai ƴan kasuwar Dole da za su biya ba su tashi daga tabarma ba.

Mushe Laminu:
Alhaji, ranka ya daɗe, ba dalarmu ta sefa biyar ba, dalar Amurka. A canjin lokacin ta kai wajen miliyar 47 na sefa. Har yau ba a taɓa cin wani tara irinta ba a wasan mota.

Alhaji Mamman:
To na janye ƴan kasuwar Dole.

Ibro Jar Mota:
Yaya Sani, kai fa McLaren kake so tun muna yara, kada ka ɓoye bayan littafi. Shafi 780! Ba takarda ɗaya iska ta kwaso ba. Yadda aka ƙera motar, yadda ake gwada ta, yadda ake saita ta, duk a gidan babban mai zanen McLaren. Ni a ganina an ma yi musu sauƙi. Kora ta kamata, shekara biyu.

Nura Ɗan Kano:
Ku dakata Damagarawa, ba kowa ne ya san labarin ba. Ni a 2007 ina aji huɗu na firamare. Wani ya warware mana daga tushe kafin ku fara kokawar taku.

Mushe Laminu:
Bakano ya yi gaskiya, abin da ba kullum ba. Ga yadda aka yi.

Nigel Stepney Bature ne ɗan Ingila, ya daɗe a Ferrari, yana cikin mutanen da suka yi aikin da Michael Schumacher ya ci kambu biyar a jere daga 2000 zuwa 2004. Da Ross Brawn, shugaban fasaha na Ferrari, ya ajiye aiki ƙarshen 2006, aka sake rabon muƙamai, Stepney bai samu abin da yake hange ba, ya yi fushi har ya faɗa wa ƴan jarida. Mike Coughlan kuwa shi ne babban mai zanen mota a McLaren, tsohon abokin aikinsa ne. Takardu suka tashi daga Maranello a Italiya suka sauka gidan Coughlan a Ingila.

Yadda asiri ya tonu shi ne abin dariya. Matar Coughlan ta kai tulin takardun wani shagon fotokopi a mayar da su cikin faifai. Ma'aikacin shagon ya ga tambarin Ferrari da alamar sirri a jikinsu, ya aika wa Ferrari saƙo. Kamfanin da ke kashe miliyoyi wajen tsaron ƙofa, ɗan shagon fotokopi ne ya ceto shi.

Ranar 26 ga Yuli majalisar ƙoli ta FIA, hukumar da ke kula da tseren mota a duniya, ta zauna a Faris. Ta ce McLaren ta karya doka ta 151c, wadda ta hana zamba da duk abin da zai ɓata wasan, amma ba ta ga hujjar cewa an yi amfani da takardun ba, don haka ba hukunci. McLaren ta ce mutum ɗaya ne ya yi gaban kansa, ba wanda ya sani.

Sai aka je Hungari farkon Agusta. Direban McLaren Fernando Alonso ya tsaya a wurin canjin taya ya tare abokin aikinsa Lewis Hamilton ranar neman layin tashi, rigima ta ɓarke cikin gida. Washegari da safe Alonso da maigidansa Ron Dennis suka yi cacar baki, Alonso ya ambaci wasu saƙonnin imel da ke hannunsa. Dennis da kansa ya kira shugaban FIA Max Mosley a waya. FIA ta rubuta wa direbobin McLaren uku cewa duk mai wata shaida ya kawo, ba za a taɓa shi ba, wanda ya ɓoye kuwa ya kuka da kansa. Saƙonnin Alonso da direban gwaji Pedro de la Rosa suka fito, suna maganar yadda Ferrari ta raba nauyin motarta tsakanin gaba da baya, da tsarin birkinta, da irin iskar da take hura wa taya. Ƴan sandan Italiya kuma suka kawo lissafin waya tsakanin Stepney da Coughlan, saƙon tes 288 da kira 35 daga Maris zuwa farkon Yuli. Ranar 13 ga Satumba aka sake zama, aka yanke hukuncin da Sani ya faɗa.

Nura Ɗan Kano:
Na gode Mushe. Wato da Alonso da maigidansa ba su yi faɗa ba, da shiru kake ji.

Sani Makanike:
Ka ji! Ɗan Kano ya riga ni. Ba binciken FIA ne ya kamo su ba, faɗan cikin gida ne. Renault kuwa ba ta da direba mai fushi, shi ya sa ta sha.

Rabi'u Ɗalibi:
Baba Sani, a yi mini afuwa, ni yaro ne amma shari'a nake karantawa a jami'ar nan, bari in ɗan kare alƙalan. Mutane suna kwatanta hukuncin Renault na 6 ga Disamba da hukuncin McLaren na Satumba. Ba nan ya kamata a aza ma'auni ba. A kwatanta shi da na Yuli. A Yuli an ce McLaren ta yi laifi, ba hujjar amfani, ba hukunci. A Disamba an ce Renault ta yi laifi, ba hujjar amfani, ba hukunci. Daidai wa daida. Abin da ya jawo wa McLaren miliyan 100 shi ne ta tsaya gaban majalisa ta ce maganar ba ta wuce mutum ɗaya ba, sai ga direbobinta biyu suna juya ta a imel, har ana batun a gwada abin a na'urar kwaikwayon tuƙi. Renault kuwa da abin ya fito ta dakatar da injiniyan, Phil Mackereth, wanda ya taho daga McLaren a 2006 da zane a cikin disket, ta amsa cewa wasu injiniyoyinta sun gani, ta buɗe kwamfutocinta a duba. Ko a kotun gargajiya, wanda ya amsa laifi da wanda ya rantse aka kama shi daga baya ba a yi musu hukunci ɗaya.

Akwai bambanci na biyu. Na Renault tsohon zane ne da mutum ya taho da shi sau ɗaya. Na McLaren famfo ne a buɗe, mutum yana zaune cikin Ferrari yana zubo labari ana tsakiyar gasa.

Ibro Jar Mota:
Allah ya yi maka albarka Rabi'u. Kuma kada a manta Ostireliya, tseren farko na shekarar. Stepney ne ya tsegunta cewa faifan ƙarƙashin motar Ferrari yana lanƙwasa, McLaren ta je wajen FIA da tambaya kamar ita ta gano, aka tsaurara gwaji, Ferrari ta canza abinta. In wannan ba amfani ba ne, mene ne amfani?

Sani Makanike:
Ibro, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. In faifan naku halal ne, me ya sa kuka cire shi? Direbanku Kimi Raikkonen ya ci tseren nan da shi, ba wanda ya karɓe masa maki ko ɗaya.

Kuma abin da kake zargin McLaren da shi, Renault ma ta yi. Cikin zanen da aka kawo mata akwai na wata na'ura mai kwantar da girgizar mota, ta ɗauka ta je FIA tana neman a ce haramun ce. Abin da ya cece ta, wai ba ta fahimci yadda na'urar ke aiki ba, tambayar da ta yi a karkace take. Wato ɓarawo ya shiga ɗaki ya ɗauko rediyo, ya kasa kunnawa, alƙali ya ce tunda bai ji labarai ba a sallame shi.

Hadiza Tela:
Hhhh Yaya Sani, wannan misalin naka zai kashe ni. Ni dai ina karatu tun ɗazu ina jiran wanda zai taɓo abin da ya dame ni, ba wanda ya taɓo. Direbobin fa? Wa ya karanta sirrin? Alonso da de la Rosa. Wa aka bari da makinsa cif? Alonso. Motar da aka ce ta gurɓata har ba ta cancanci maki a gasar kamfanoni ba, ita ce dai ta ci gaba da tara maki a gasar direbobi har tseren ƙarshe a Birazil. Kimi Raikkonen 110, Hamilton 109, Alonso 109. Maki ɗaya tal. Da Hamilton bai maƙale cikin tsakuwa a Sin ba, da an naɗa zakaran duniya da motar da aka yanke wa hukuncin zamba. Miya ɗaya ce a tukunya, an ce ta yi tsami a kwanon maigida amma lafiya lau take a kwanon yara.

Rabi'u Ɗalibi:
Yaya Hadiza, alƙawari aka yi musu. Ba don shi ba, imel ɗin ba za su fito ba. Kuma Hamilton ya ce ba shi da komai a hannunsa, ba a kuma nuna yana da shi ba, to don me zai biya?

Hadiza Tela:
Ƙanena, makanikan McLaren ɗari nawa ne ba su san komai ba suka rasa ladan gasar? Su wa ya tambaye su? Gaskiyar magana, ba a so a kashe kasuwa. Sabon yaro baƙar fata a shekararsa ta farko yana kokawa da zakaran duniya sau biyu a gida ɗaya, duniya duk ta zuba ido, mu nan ma a lokacin ne muka fara sanin akwai wani abu wai shi Formula 1. Wa zai kore su ya bar talabijin ba kowa?

Alhaji Mamman:
Ƴata ta faɗi magana. Ko a filin kokawa, ranar da za a ba da takobi ba a son a ce babban ɗan kokawa yana zaune a gida.

Mushe Laminu:
Bari in ƙara wani lissafi da mutane ke mantawa, don Sani ya ɗan sauko. Makin direbobin McLaren biyu in an haɗa 218 ne, na Ferrari 204. Sai a ce an ƙwace wa McLaren kambu. Amma tun a Hungari an riga an hana ta maki 15 na kamfani saboda waccan tarewar ta Alonso. A cire 15, saura 203. Wato ko babu hukuncin leƙen asiri, Ferrari ce gaba da maki ɗaya.

Ita ma tarar ba miliyan 100 aka ƙirga a hannu ba. Hukuncin ya ce a cire kuɗin rabon talabijin da McLaren ta yi asara saboda share makin. Kuma kaso mai yawa na abin da aka biya an zuba shi a wani asusu na kare lafiyar masu tsere da horar da ma'aikatan fili a ƙasashe.

Sani Makanike:
Mushe, ko a gina masallaci da kuɗin, tambayata tana nan. Daga ina aka samo lambar? A wace doka aka rubuta cewa shafi kaza tararsa kaza? Majalisar da bakinta ta ce an samu wata riba amma wataƙila har abada ba za a iya auna yawanta ba. Abin da ba ka iya aunawa, ta yaya ka san kuɗinsa miliyan 100 ne cif, ba 20 ba, ba 70 ba? Lamba ce aka zaɓa don ta yi amo a rediyo. A shekarar nan aka sayar da ƙungiyar Spyker sukutum, masana'anta da motoci da komai, a kan Yuro miliyan 88, ita ce ta zama Force India. Wato tarar ta kusa kuɗin sayen ƙungiya. Da Spyker ɗin aka kama da takardun, miliyan 100 za a ce? Ba za a ce ba, don an san ba ta da su. Ashe aljihu aka duba, ba laifi ba.

Malam Habu:
Sani, a nan kam ban bi ka ba. Duba aljihu ba zalunci ba ne. In ka ci mai kabu-kabu tarar jika biyar, ka hana gidansa cefanen kwana biyu. In ka ci Alhaji Mamman jika biyar, ko a jikinsa. Horo ana yinsa don a ji. Abin da aka hore mu a kai shi ne kada a saki babba a kama ƙarami, kuma kada a riƙe mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban. To a nan babba aka kama. In da gyara, ba a rage wa McLaren za a yi ba, a ƙara wa sauran.

Alhaji Mamman:
Malam, a bar sunana cikin maganar tara, zamani ya yi tsada.

Sani Makanike:
Allah gafarta Malam, mudu biyun nake kuka a kai. Renault ƙaramar ƙungiya ce? Ita ta ci kambun 2005 da 2006, kamfanin mota ne na ƙasar Faransa guda. Toyota fa? Kotun Modena ta samu tsoffin injiniyoyin Ferrari biyu da suka koma Toyota da laifin satar sirri, a wannan shekarar dai ta 2007, FIA ko zama ba ta kira ba. Su waɗannan kamfanoni ne da in an matsa musu sai su kwashe kayansu su bar gasar. McLaren kuwa tsere ne abincinta, ba inda za ta. An san wanda za a mara ya tsaya.

Kuma kowa ya san Mosley da Ron Dennis ba sa ga maciji tun da daɗewa. Shugaban FIA shi ne mai kawo ƙara, shi ne kuma ke jagorantar majalisar da ke yanke hukunci. A wace kotu aka taɓa yin haka?

Rabi'u Ɗalibi:
Wannan ta ƙarshen na yarda da ita ɗari bisa ɗari, Baba. Ita kanta FIA ta gane, don bayan Jean Todt ya hau kujerar shugabancinta a 2009 an kafa kotu daban mai sauraren irin waɗannan ƙararraki, aka raba mai tuhuma da mai hukunci.

Nura Ɗan Kano:
Jean Todt ɗin da yake shugaban Ferrari a 2007? Mai ƙara ya zama sarki ke nan. Lallai abin naku sai addu'a.

Ibro Jar Mota:
Bakano, zaɓe aka yi ya ci, kuma zamaninsa na shekara 12 Ferrari ko kambu ɗaya ba ta ɗauka ba. In son kai ne, to bai iya ba.

Hadiza Tela:
Bai iya ba? Injin Ferrari na 2019 fa, da aka bincika aka bincika, sai farkon 2020 aka fito da ƴar sanarwa cewa an sasanta, abin da aka sasanta a kai sirri ne? Ƙungiyoyi bakwai suka sa hannu a takardar ƙorafi. Har yau ba wanda ya ga abin da ke ciki.

Ibro Jar Mota:
Wannan ba leƙen asiri ba ne, Hadiza, kada ki haɗa mana zance.

Hadiza Tela:
To mu koma kan kwafi, nan ne gidana. Ni tela ce. Mace za ta zo da hoton ɗinkin wata a waya ta ce irin wannan nake so, in duba in yanka. Duk telolin Zinder haka muke, ba mai cewa sata. Amma in na aika yarinya ta shiga shagon wata ta ɗauko mini takardar awonta, na zama ɓarauniya. Su ma can haka ne, kowace ƙungiya tana da masu ɗaukar hoton motocin abokan hamayya, ido halal ne, takarda ce haram.

To ku dubi 2020. Racing Point ta fito da mota kamar an tsoma Mercedes ta 2019 cikin ruwan hoda. Ta ce da hoto ta kwafa, aka ce ba laifi. Inda aka kama ta ɗan bututun iskar da ke sanyaya birkin baya ne, don shi kam zanen Mercedes ne ya zo hannunta. Kuma ta hanyar halal ya zo, a 2019 ana iya sayensa, sai doka ta canza a 2020 ta ce kowa ya zana nasa. Renault ce ta kai ƙara, ku ji fa, Renault. Aka ci Racing Point Yuro 400,000, wajen sefa miliyan 262, aka cire mata maki 15, aka kuma bar ta ta ci gaba da amfani da bututun har ƙarshen shekara, don an ce abin da injiniya ya riga ya sani ba a iya goge masa shi daga kai.

Mushe Laminu:
Kuma makin nan 15 sun fi tarar ciwo. Ƙarshen shekara McLaren ta zo ta uku da 202, Racing Point ta huɗu da 195. Ba don cirewar ba, da ita ce ta uku, kuma bambancin matsayi ɗaya a rabon kuɗi miliyoyin dala ne. Ka ga Sani, wannan karon McLaren ɗinka ce ta ci ribar hukunci.

Sani Makanike:
Allah ne ya saka mata.

Malam Habu:
Maganar Hadiza ta goge abu daga kai ita ce ta tsaya mini. Injiniyan da ya shekara goma a wani kamfani, ranar da zai tafi ba ya barin kansa a bakin ƙofa. Shi ya sa suke zaunar da mutum a gida wata shida ko shekara ana biyansa albashi, har abin da ya sani ya tsufa. Wato ilmin da ke cikin ƙwaƙwalwa ya halatta, in ya sauka a takarda ya haramta. Mai kaifin hadda ya tsira, mai mantuwa da ya rubuta ya shiga uku. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san darajar hadda, amma ban taɓa zaton za ta raba mutum da kurkuku ba.

Alhaji Mamman:
Ni abin da nake so in ji, su mutanen biyu da suka fara abin, ina suka ƙare? Don na ga kamfanonin duk suna nan da ƙibarsu.

Mushe Laminu:
Coughlan an nisanta shi daga wasan shekara biyu, ya je Amurka ya yi aiki, a 2011 Williams ta ɗauke shi, ya ba da haƙuri a fili. Stepney kuwa bai sake komawa Formula 1 ba. Kotu a Italiya ta yanke masa wata 20 a 2010, har da zargin zuba wani farin gari wajen tankin man motocin Ferrari kafin tseren Monako, ko da yake bai zauna gidan kaso ba. Ya rasu a 2014, mota ta buge shi a babbar hanya a Ingila. Alonso ya bar McLaren ƙarshen 2007, kwanaki kaɗan bayan an sallami Renault ba hukunci aka sanar da komawarsa can. McLaren ta rubuta takardar ban haƙuri a Disamba, ta amsa cewa labarin Ferrari ya yaɗu cikin kamfanin fiye da yadda ta faɗa da farko, ta dakatar da aiki kan wasu sassan motar 2008. Da motar nan Hamilton ya ci kambunsa na farko, ya wuce Felipe Massa na Ferrari da maki ɗaya.

Ibro Jar Mota:
Kun ji ko? Da bakinta ta amsa. Kuma kada a tuna mini 2008, har yau kwanar ƙarshen nan tana zo mini a mafarki.

Sani Makanike:
Tunda an zo 2008, ga wadda ta fi ci mini rai. A Singafo Renault ta umarci direbanta Nelson Piquet ƙarami ya daki bango da gangan don motar tsaro mai rage gudun tsere ta fito Alonso ya ci. Ran mutum aka sa a caca, da na ma'aikatan fili, da na ƴan kallo. Da abin ya tonu a 2009 me aka yi wa kamfanin? Korar jeka-ka-gyara-halinka ta shekara biyu, wadda ba ta hau kansa ba, ba tara irin ta McLaren, nasarar ma ba a karɓe ba. Shugaban ƙungiyar Flavio Briatore aka kora har abada, kotun Faris ta soke korar farkon 2010, yanzu ma ya dawo cikin harkar. To ku auna mini, Malam. Karanta takarda miliyan 100, jefa yaro a bango kyauta.

Rabi'u Ɗalibi:
Nan kam ba ni da abin karewa, Baba. Sai dai in ce Renault ta amsa laifi ta sallami mutanen kafin zama.

Hadiza Tela:
Wato dabarar ita ce ka riga alƙali yin kuka.

Nura Ɗan Kano:
Ni wanda ya burge ni hukuncin Red Bull ne a 2022, da ta wuce iyakar kashe kuɗi ta 2021. Tarar dala miliyan 7 ba komai ba ce wajensu, amma an rage musu kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajin iska. Wanda ya ci riba a fasaha a yanke masa a fasaha. Da haka aka yi wa McLaren da ya fi ma'ana.

Ibro Jar Mota:
Sai ga shi a 2023 sun ci tsere 21 cikin 22. Hukuncin ya yi musu ciwo ƙwarai, Bakano.

Alhaji Mamman:
Sani, kafin a kira magariba, ina da tambaya, kada ka ce tsoho ya tona ka. Littafin nan mai baƙin bango na san shi tun kana yaron gareji kana kwanciya ƙarƙashin tsohuwar Peugeot ɗina. Shafukan farko ba rubutunka ba ne, hannun marigayi maigidanka ne, Allah ya jiƙansa. Ya aka yi suka zo wajenka?

Sani Makanike:
Haba Alhaji. Ba ni ya yi da hannunsa.

Ibro Jar Mota:
Coughlan ma ba shi aka yi.

Hadiza Tela:
Wayyo cikina!

Sani Makanike:
Ibro, mai abu ne ya ba ni, ranar da ya yaye ni, gaban shaidu, har da goro. Stepney Ferrari tasa ce? Kuma ka zo ka ɗauki babur ɗinka, tun Talata aka gama shi, saura jika uku da rabi. In ka wuce gobe ni ma zan sa tara, kuma aljihu zan duba.